Harafin da Na Sauya a Na'urar Taubashina

Ko zan manta da komai na shekarar da fara ta biyo bayan fari, ba zan manta da ranar da na kusa raba taubashina da abincinsa ba. Yau furfura ta fara fito mini a gemu, ƴaƴana suna kallona kamar wani dattijon arziki wanda bai taɓa ɓarna ba. Amma duk lokacin da abin ya faɗo mini a rai sai kunya ta rufe ni, daga baya kuma dariya ta ƙwace mini, don Allah ya sani akwai abin dariya a ciki.

A lokacin ina aiki a wani siber, wato shagon intanet, a Zango, ni ke kula da odinatar ɗin wurin, wato kwamfutoci, guda takwas, duk tsofaffi masu tari. Taubashin nan nawa ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana da aka kai aure Tirmini. A gidanmu ya zauna ya yi lakwal, wato makarantar boko, ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya. Kun dai san yadda taubasai suke: ka tsokani mutum iyakar ƙarfinka, shi ma ya rama, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na taɓa zuba masa barkono a shayi ranar da ya yi baƙi. Shi kuma ya ɗinke mini ƙafar wando da safiyar Sallah, na yi ta tsalle a tsakar gida ana kabbara a waje. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne bawana, har yau ba a raba wannan gardamar ba.

Sai wani furoje, wato shirin agaji, na raba wa manoma irin shuka ya buɗe buro, ofis ke nan, a garin, suka ce suna neman mutum ɗaya mai kula da na'urori. Mu biyu muka kai takardunmu. Ni na koya masa kwance odinatar, ni na nuna masa inda ake sa hannu da inda ba a sawa, amma shi yana da dipulom daga Yamai, ni kuwa sai hannuna. Shi aka ɗauka, gwajin wata uku. Na rungume shi, na yi masa barka haƙorana duk a waje. A ƙasan zuciyata kuwa wani abu ya tsaya mini kamar ƙayar kifi, na ƙi gaya wa kaina ko mene ne.

Ya kamata in faɗa muku abin da aikin nan yake a wurinsa. A waccan shekarar gonarsu ta Tirmini ko dami goma ba ta ba su ba. Babansa ya tsufa, ga gwaggo, ga ƙannensa, ga matarsa da ciki. Duk idonsu a kan albashin nan yake. Lokacin da abin ya faru kuwa saura mako guda gwajin ya ƙare a ba shi kontara, takardar tabbatar da shi a aiki.

Furojen ya sayi sabuwar na'ura mai sabon irin diski, mai siririyar waya ja, ba irin faffaɗar wayar nan da muka saba da ita ba. A cikinta sekreter ɗin buron ta yi mako biyu tana shigar da sunayen magidantan da za a ba iri, ƙauye bayan ƙauye. Na'urar tana aiki, amma da nawa kamar jakin da ya yini bai ci ba, domin tsarin da ke kanta bai san sabon diskin da kyau ba. Taubashina ya ce shi zai gina mata sabon noyo, ya ɗauko ta ya kawo siber ɗinmu, tunda a nan ake da intanet.

Bari in ɗan yi wa wanda bai san harkar ba bayani, kada in yi ta surutu ni kaɗai. Noyo shi ne zuciyar tsarin, shi ke fara farkawa idan an kunna na'ura, shi ke magana da kowane sashe nata. To amma kowane sashe da yarensa, saboda haka noyo yana buƙatar tafinta ga kowanne, mu muna ce masa pilot. Idan za ka gina noyo sai wani shuɗin allo ya fito maka da layuka kamar ba za su ƙare ba, kana zaɓa ɗaya bayan ɗaya. In ka sa tauraro, an gina tafintan a jikin noyon. In ka sa harafin M, an ajiye shi a kan diski, sai an buƙace shi a ɗauko. Ga na sauti ko na injin buga takarda M ba laifi. Amma ka sa wa tafintan diskin da tsarin yake kai M, ba ka yi masa wani tanadi ba, to ka kulle ɗaki ke nan da makullin a ciki. Noyo zai farka, ya nemi tafintan diski, tafintan kuma yana cikin diskin da ba ya iya karantawa.

Taubashina ya san wannan sarai. Ya zauna a kujerata, ya harɗe ƙafa, ya gyara zaman tabarau, siber cike da mutane.

"Bawana, matso ka ga yadda masu dipulom suke aiki," in ji shi. "Amma fara kawo wa ubangidanka ruwan sanyi tukuna."

Mutane suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har na kawo ruwan. Ina tsaye a bayansa ya je layin sabon diskin, ya danna masa tauraro, ya waiwayo ya ce, "Ka gani? Wannan a shekara ta biyu ake koyar da shi. Kai da ka tsaya a ƙofar lakwal ba za ka gane ba."

Aka kira la'asar. Ya miƙe ya ɗauki buta, na ce ya yi gaba ina zuwa. Yana fita na zame kan kujerar. Na gangara layin nan, na ɗauke tauraron, na danna M, na adana, na mayar da allon daidai inda ya bar shi. Sannan na je na yi alwala, na tsaya a sahu kafaɗata na gugar tasa. Da liman ya yi addu'a, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi.

Wallahi abin da na shirya ƙarami ne. Zai gama gini, ya kunna, na'ura ta ƙi tashi a gaban mutanen da suka yi mini dariya, ya yi gumi na minti biyar, sannan ya koma kan tsohon noyo da ke ajiye, ni kuma in tambaye shi a wace shekara ake koyar da wannan. Shi ke nan fa. Haka dai na gaya wa kaina.

Gini ya ɗauki lokaci, rubutu yana ta gudu a allo har rana ta yi sanyi. Da ya kammala ya ɗora sabon noyon. Sai mutumin naku, da yake shi ɗan tsafta ne, ya ce, "Me zan yi da tsohon tsumma?" Ya goge tsohon noyon ƙarƙaf. Ina kallo! Na buɗe baki zan yi magana, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ai haka ma ya fi daɗi, na mayar da bakina na rufe. Ya kashe na'urar, yana miƙa yatsa zai kunna ta, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Gurup ɗin siber kuwa, injin ba da wutar, ya yi wata yana wurin mai gyara.

Muka jira, muka jira, shiru. Ya duba agogo ya ce mai gadin buro zai rufe ƙofa, kuma aikin mai dipulom ba ya buƙatar gwaji. Ya tsayar da kabu-kabu. Ku ji rashin kunya: ni na riƙe masa na'urar ya hau, ni na ɗaure ta da igiya, har ina ce wa mai babur ya bi a hankali kada kayan furoje su lalace. Na ce a raina gobe zai kunna shi kaɗai a buro, ya dawo mini yana rarrashi. Rabon iri ai sai mako mai zuwa.

Aka wayi gari da ruwa. Ba yayyafi ba, ruwan shuka na gaske, irin wanda aka yi wata da watanni ana roƙo. Garin duk ya ɗauki ƙamshin ƙasa, tsofaffi suna ta hamdala a ƙofar masallaci. Ina share ruwan da ya shigo siber ina ƴar waƙata, sai ga taubashina ya diro daga kabu-kabu, taɓo har gwiwa. Ya kira ni da sunana na yanka. Tun muna yara bai taɓa kirana da shi ba.

"Na'urar ta ƙi tashi," ya ce. "Madam shugabarmu ta ce tunda an yi ruwa yau za a fitar da iri. Sunayen duk suna ciki, takardun ainihi an tafi da su Yamai. Don Allah taso."

Na ɗauki faifan sede na ceto da ƴar kile ɗina da nake kwafar bayanai a ciki, muka hau babur ɗaya.

Abin da na tarar a ƙofar buron ya sa waƙar da ta rage a bakina ta gudu. Kamyo biyu, manyan motocin kaya, cike da buhuna, shofer kowanne na zaune a kan taya. Ƙarƙashin bishiyar dogon yaro kuwa masu gari ne da manoma, na Hamdara, na Tirmini, wasu tun asuba suka biyo ruwan a amalanke. Riguna sun yi musu yawa a jiki. Mutanen nan da yawansu sun cinye irin da suka ajiye tun kafin bazara. Wani tsoho ya damƙi ƙasa a hannu, yana matsa ta yana buɗewa, yana duba kwana nawa laimar za ta yi kafin rana ta shanye ta.

Madam, shugabar buron, ƴar Birni ce, doguwa, ba ta ɗaga murya, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa taubashina, "In sunayen nan sun ɓata, ka ajiye mini makullin buro a kan tebur kafin ka fita."

Na zauna gaban na'urar. Allo baƙi ƙirin, da ƴan layuka farare da Ingilishi, suna cewa noyo ya firgita, ya nemi diski bai gani ba. Ni ma a firgice nake, amma ni na san dalili. Na sa sede na tayar da ita ta nan, na leƙa diskin. Sunaye suna nan lafiya lau, ko ɗaya bai taɓu ba. Na kwafe su a kile na miƙa wa sekreter, ta ruga ofishin Madam inda tsohuwar na'ura take, ba a jima ba muka ji injin buga takarda ya fara kuka. Sekreter har da guɗa.

A nan ne iyayina ya kashe ni. Da ina da wayo da na yi ta dube-dube, in sosa kai, in ɓata rabin awa ina nema. Ina! Mutane sun kewaye ni, ana cewa kai, yaron nan gwani ne, sai kaina ya kumbura. Na buɗe shuɗin allon nan, cikin layukan da mutum zai yini yana bi na tafi kai tsaye kan layi ɗaya, kamar mai zuwa ɗakin uwarsa. Ga M nan zaune. Na cire ta, na sa tauraro.

Na ji numfashin taubashina ya tsaya a bayan wuyana. Na waiwaya a hankali. Ya dubi allo, ya dube ni, ya sake duban allo. Ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, "Da la'asar ko?"

Gumi ne kawai ya karyo mini.

Aka sake gini, na'ura ta tashi garau, tana gudu kamar ba ita ba. Madam ta kira mu ofishinta mu biyu. Ta duba ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ba ka kawo takardunka nan ba kwanaki? To mun yi kuskure. Abin da ya gagari mai dipulom tun safe ka gano shi kafin in ƙifta ido. Ranar Litinin ka zo ka fara." Ta juya wurinsa. "Kai kuma ka ji abin da na ce ɗazu."

Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa: zuciyata ta yi tsalle. Na hango albashi, na hango babur ɗin furoje, na hango kaina da jaka a kafaɗa ina ratsa Zango. Na saci kallon taubashina ina jiran ya tona ni. Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma taubashi ba ya kai ƙarar wasa, mutumin nan ya tsaya a kan al'ada ko da za ta cinye shi. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullai, ya ajiye a kan tebur. Ƙarar makullan nan ita ta farkar da ni.

"Madam," na ce, "ba gwaninta ba ce. Ni na ɓata ta jiya."

Na kwashe labari tas na faɗa mata, har da ruwan sanyi, har da ɗaure igiya. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Mene ne shi a wurinka?"

"Taubashina ne."

Na ga ta cije leɓe, kafaɗunta suka ɗan motsa, ta juya ta kalli taga na wani lokaci. Da ta juyo fuskar ta koma yadda take. "Ni ma ina da taubasai," ta ce. "Wata ta taɓa zuba mini gishiri a lallen biki. Amma ban taɓa jin wanda ya yi wasa da irin shukar mutane ba. Leƙa waje ka ga waɗanda ka zaunar tun safe." Ta tura wa taubashina makullansa da bakin biro. "Kai kuma goge tsohon noyo da kawo mini na'ura ba gwaji, ba shi ya yi maka wannan ba. Na ƙara maka wata guda a gwajinka. Shi kuwa gwanin, leburorinmu ba su cika ba. Ya cire wannan rigar mai guga ya hau kamyon Tirmini."

Sai kusan azahar muka tashi, aikin da ya kamata a gama da hantsi. Ni a can saman buhuna, ina riƙe da igiya, kamyo na watsa taɓo. Shi a gaba kusa da shofer, gwiwar hannu a taga. Da muka isa aka ajiye masa kujera a inuwa, ya buɗe takardu yana kiran sunaye, ni ina sauke buhu a ka. Kowane suna sai ya ƙara da, "Bawana, yi sauri mana, dattijo na jira!" Ni da ban taɓa ɗaukar abin da ya fi odinatar nauyi ba, kafin la'asar wuyana ya daina juyawa. Duk wanda ya karɓi rabonsa ko gida ba ya komawa, sai ya saɓi sungumi ya nufi gona, matansa da ƴaƴansa na biye.

Da aka gama ya ce mu je mu gai da tsohuwa. Ashe labari ya riga mu, mai gari ya gaya mata cewa ɗan wanta ne ya zo ya ceci na'ura. Gwaggo ta fito da gudunta, ta rame har na kusa kasa gane ta, tana yi mini sannu, "Wushe, wushe, ɗan yayana!" Ta shimfiɗa mini tabarmar da ta fi kyau. Ta shiga ta fito da ƴar ƙwarya ta anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu, an barbaɗa musu ɗan gishiri. Abin da suke ci ke nan a gidan. Har tana ba ni haƙuri wai ba ta san da zuwana ba.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, ta dafa kaina. "Da ba don kai ba da ɗan'uwanka ya rasa aikinsa. Da mu kuma sai yaya? Allah ya bar ku tare."

Na ajiye ƙwaryar na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Taubashina ya taka mini ƙafa da ƙarfi, fuskarsa ɗauke da murmushi.

"Ci mana, gwani," ya ce. "Inna, ƙaro masa, ai yana son anza. Tun a mota yake zancenta."

Ta ƙaro kuwa. Na yi ta ci hawaye na zuba, gwaggo na dariya tana cewa ƴan birni ba su iya ɗaci ba. Ɗacin anza daban, abin da ke sa ni kuka daban, shi kuma yana zaune yana ƙirga mini loma.

A hanyar dawowa ya bar gaban mota ya hawo baya wurina. Na tambaye shi me ya sa ya hana ni magana. Ya daɗe yana kallon gonakin da mutane ke ta sara da binnewa, sannan ya ce, "Tsohuwar nan tun kaka ban ga haƙoranta ba sai yau. Ka bar ta da abinta." Can sai ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ban da haka ma, in na bari ka faɗa yau, da me zan riƙe ka gobe?"

Ya riƙe ni kuwa. An ba shi kontararsa bayan wata guda, ni kuma na yi shekaru ina yi masa gyara kyauta, da na fara gardama sai ya ce, "In je Tirmini?" Gwaggo ta rasu ba ta sani ba. Har cikin ciwon ajalinta, duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna ni ta ce wannan ne ya tsare musu abincinsu a shekarar yunwa.

A sana'a na koyi abin da har yau nake gaya wa masu koyo a wurina: tafintan diski a jikin noyo ake gina shi, kuma kada ka jefar da tsohon noyo sai ka ga sabon ya tashi da idonka. Amma babban abin da na koya ba na na'ura ba ne. Na gane cewa ranar nan ba wasa na yi ba, hassada ce na sa mata rigar taubasantaka don kada kowa ya gane ta, har ni kaina. Tun daga lokacin, kafin in tsokani mutum sai na tambayi kaina ko akwai abin da nake jin haushinsa a kai. In akwai, sai in bar wasan, in je in yi masa barka ta gaskiya.